Kuɗin Sallamar Baba

Wata daga cikinku ta turo min saƙo ta bayan fage tana tambayata ko har yanzu ina son Mannir. Kwana biyu ina buɗe saƙon ina rufewa. Ki yi haƙuri 'yar uwa, amsar ba ta shiga cikin kalma ɗaya. Sai na koma baya na ba ku labarin ritayar Baba, don daga nan komai ya fara cakuɗe min.

Ga waɗanda suka shigo yau, sunana Mahbuba, shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a nan Gumel. Sunana na yanka Laure, sunan mahaifiyar Baba, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, "Uwata" yake ce min. Mannir ɗan Maigatari ne, yayan ƙawata Zinariya da muka yi kwaleji tare. Yana sayen zoɓo da riɗi a hannun manoma, na nan da na tsallaken iyaka, ya tara a sito, ya sayar wa masu kamfani a Kano. Shekararmu biyu tare. An kawo kuɗin gaisuwa tun bara, sa rana kaɗai ya rage.

Baba, Malam Barau, malamin gona ne. Shekara talatin da biyar ya yi a kan babur tsakanin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, yana duba gero da wake, yana musu da manoma a kan taki da feshi. Shekara goma sha tara da suka wuce aka dawo da shi Gumel, aka ba shi gidan gwamnati mai ɗaki uku da darbejiya a tsakar gida. A nan na girma, a nan aka haifi autarmu. Har muka manta gidan ba namu ba ne.

Saura wata huɗu ya ajiye aiki aka kira su bita a Dutse, shi da sauran masu shirin tafiya. Ya dawo da takarda guda cike da rubutunsa mai kwanciya. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma, ya sa tabarau, ya ce in ɗauko biro. Ya karanta min abin da aka faɗa musu. Kada mutum ya zuba kuɗin sallamarsa a sana'ar da bai sani ba. Ya fara da rufin da zai kwana a ƙarƙashinsa. Ya ware na asibiti, don ciwo yakan jira mutum ya ajiye aiki. Sannan ya nemi abin da zai riƙa fita dominsa da safe. Wannan na ƙarshen dariya Baba ya yi masa, ya ce mai gona ba ya rasa abin yi.

Muka zauna muka raba kuɗin tun kafin su zo. Garatuti, wato kuɗin sallamar, miliyan shida da dubu ɗari huɗu, fansho kuma dubu sittin da bakwai a wata, ko rabin albashinsa bai kai ba. Akwai ginin da ya fara a garinsu Ɗanzomo tun ina aji uku a sakandare, ya tsaya a linta, ciyawa ta cinye ɗakunan. Muka ware masa miliyan biyu da rabi, rufi da ƙofofi da filasta. Miliyan ɗaya na karatun ƙanena Hamza da ke jami'a. Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu kayan ɗakina. Na ce sun yi yawa, ya ce in rubuta kawai. Dubu ɗari bakwai tumaki da taki. Ragowar miliyan ɗayan a bar ta a banki saboda lalura. Da na ja layi a ƙasa lissafi ya tashi daidai, sai na ji sanyi a raina. Ni mai koyar da lissafi ce, na ɗauka in lamba ta zauna daidai, rayuwa ma za ta zauna.

Umma ce ta fara nuna min ba haka ba ne. Ita haifaffiyar Gumel ce, danginta duk suna nan. Firij biyu gare ta, tana sayar da ƙanƙara da kunun aya, kuma da wannan cinikin muke cefane daga ashirin ga wata zuwa ƙarshensa. Tana tankaɗen gari ta faɗa wa Baba, ba tare da ta ɗaga murya ba, cewa ta bi shi Gagarawa, ta bi shi Sule Tankarkar lokacin tana da ƙuruciyar ɗaukar tulu, amma yanzu da ciwon gwiwa da shekara hamsin ba za ta je ta fara sabuwar rayuwa a inda ba ta da mai sayen kunu ko mai leƙo ta ba. Baba ya ce to ina za mu zauna in an karɓi gidan. Ta ce haya. Ya ce da fansho dubu sittin da bakwai. Umma ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar Juma'a aka yi masa walimar bankwana a ofis. Aka ba shi agogon bango da shadda yadi goma, aka sha lemo, aka yi hotuna. Ranar Litinin da safe ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta, na ga Baba ya yi wanka, ya sa farin kaftani da hularsa ƙube, ya ɗauki makullin babur. Ya tura babur ɗin har bakin ƙofa. Sai ya tsaya. Ya daɗe riƙe da kan babur ɗin yana kallon titi, sannan ya juyo da shi a hankali ya jingine a inda yake. Da ya ga ina kallonsa sai ya ce taya yake dubawa. Na ce Allah ya sa ba faci ba ne, na fita da sauri, don ban so ya ga idona.

Wayar Baba a da ba ta hutawa. Manomi zai kira daga wani ƙauye ya ce tsutsa ta shiga wakensa, wani ya ce yaushe za a raba iri. Cikin sati uku ta yi shiru. Yakan ɗauke ta ya duba ko caji ne ya ƙare. Ya ce zai je Ɗanzomo ya yi sati ya duba gona, amma a rana ta biyu sai ga shi ya dawo. Sa'o'insa wasu sun rasu, wasu suna wajen 'ya'yansu a birni. Da ya je majalisa samari suka miƙe suka ba shi kujera, suka yi shiru har ya tashi. A gona kuma 'ya'yan ƙanensa ke noma, kuma suna yi da kyau.

"Cewa suka yi in koma inuwa in huta, Uwata," ya ce min. "Ni na koya wa ubansu shuka a layi."

Kuɗin sallama suka shigo a wata na biyu. A satin ne kuma takarda ta zo cewa an ba mu wata uku mu bar gidan. Wanda aka ba gidan ya zo da matarsa wata Asabar, mutanen kirki, sun gaida Umma har ƙasa. Matar ta fito da tef daga jakarta ta nemi izini ta auna tagogi saboda labule. Umma ta riƙe mata bakin tef ɗin da hannunta a tagar ɗakin da ta haifi auta. Bayan sun tafi ta shiga ɗaki ta ja ƙofa, ranar ni na yi tuwo.

A cikin wannan yanayin Mannir ya zo zance ranar Lahadi. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye da mayafi ruwan toka, na kai masa tabarma da ruwa zaure. Yana sanye da shadda ruwan madara, guga kamar ta yanke hannu, turarensa ya riga shi shigowa. Amma a babur ya zo. Wata biyu ke nan yana ce min motarsa tana gareji a Kano, wai injin ake jira. Mun fara hira ke nan Baba ya dawo daga masallaci, Mannir ya durƙusa ya gaishe shi, sai Baba ya zauna a bakin tabarmar yana tambayarsa farashin riɗi. Na ba su wuri. Awa ɗaya da rabi ina ɗaki da mayafi a kafaɗa ina jin muryar Baba tana tashi, har da dariya, abin da rabon da in ji tun ranar walima.

Sati biyu suna haka. Baba ya je Maigatari sau biyu, yana dawowa da ƙura a ƙafa da labari a baki. Sannan wata rana ya kira ni ya ce an canza lissafi. Zai ba Mannir miliyan huɗu su yi haɗin gwiwa, kakar zoɓo ta kusa, duk wata za a riƙa ba shi dubu ɗari da ashirin, uwar kuɗi tana nan. Da wannan za a kama haya a Gumel, Umma ta zauna kusa da danginta, rufin Ɗanzomo kuma a yi shi baɗi. Umma har addu'a ta riƙa jero wa Mannir, ta ce ɗa ne ba suruki ba. Na tuna wa Baba abin da aka faɗa musu a bita. Ya ce an ce sana'ar da mutum bai sani ba, shi kuwa wa ya fi shi sanin zoɓo a ƙasar nan.

Ban yi musu ba. In gaya muku gaskiya, har na ɗan ji daɗi. Wace mace ce ba za ta so mahaifinta da wanda za ta aura su zama abokan sirri ba?

Ranar Alhamis na nemi izini a makaranta na tafi Maigatari barka, Zinariya ta haihu na biyu. Ranar kasuwa ce, motarmu ta fi rabin awa tana kutsawa tsakanin tireloli da garken shanu da masu canjin sefa. Na same ta a ɗakinta ta sha wankan jego, fuskarta ta yi fayau, jaririn yana barci a cikin net. Na ba ta turmin atamfa da sabulai. Muna cin tuwo da miyar kuka mai yaji, sai ta kama hannuna ta ce in yi wa Baba godiya, Allah ya saka masa da aljanna, ya fitar da gidansu kunya.

Na ce wace kunya.

Ta saki hannuna. Ta ɗauka na sani. Da ta ga ban sani ba ta so ta janye maganar, na ce ta dubi Allah ta dubi zaman da muka yi a ɗaki ɗaya shekara uku. Sai ta faɗa min, tana yi tana kallon ƙofa. Bara Mannir ya karɓi zoɓo bashi a hannun wasu 'yan kasuwa biyu na Damagaram da tsada, yana jiran farashi ya tashi. Farashi ya faɗi. Ya ƙi sayarwa, ya ci gaba da jira. Damina ta zo, rufin siton ya yi yoyo ta baya inda ba a gani, buhu ɗari uku da wani abu suka yi funfuna. Motar ba ta gareji, an sayar da ita tun watan azumi. Sarƙar gwal ɗin Zinariya ma ta tafi, da ta mahaifiyarsu. Duk da haka saura miliyan uku, kuma mutanen nan duk Alhamis sai sun zo sun zauna a ƙofar siton daga safe har la'asar. Sun ce in ba a biya ba kafin ƙarshen wata, za su kai maganar gaba.

Ban san yadda na gama cin tuwon ba. A hanyar tasha na ce wa mai babur ya bi ta layin sito. Daga nesa na hango su, dattawa biyu da rawani a kan benci, butar shayi a gabansu. Mannir yana tsaye a gefe da waya a kunne, ya rame a wuya, abin da shadda ke ɓoye min duk ranar Lahadi. Bai gan ni ba. Na ce mai babur ya wuce.

Ina cikin mota na tura masa saƙo: "Na je wajen Zinariya. Na bi ta sito. Miliyan huɗun Baba, bashi za ka biya da su?"

Ya karanta nan take. Ya fara rubutu ya goge, ya fara ya goge. Mun kusa shiga Gumel amsar ta zo, doguwa. Ya ce e, uku za su tafi wajen mutanen, amma da zarar ya biya za su sake ba shi kaya, da miliyan ɗayan da ta rage zai juya, bana farashi zai yi kyau, kowa ya san haka. Ya ce bai faɗa min ba ne don kada in raina shi. A ƙarshe ya rubuta: "Wallahi Mahbuba ban roƙi Baba ba. Kuma ba zan ci amanarsa ba ko zan mutu."

Na yarda ba zai ci amana da gangan ba. Mannir ba ɓarawo ba ne, kada wata a cikinku ta zage shi a ƙasan rubutun nan. Mutum ne da ruwa ya kai masa wuya, ya ga hannu ya kama. Matsalar ita ce hannun na mahaifina ne, mai shekara sittin, wanda ba zai sake ganin miliyan shida a dunƙule ba har ya koma ga Allah.

Washegari Juma'a ban je makaranta ba. Da hantsi, Umma ta tafi gidan yayarta, na sami Baba a ƙarƙashin darbejiya yana sauraron rediyo. Na durƙusa a gefen tabarmar na faɗa masa komai, ban rage ba, har da sarƙar Zinariya. Ina magana ina sane aurena nake haƙa wa rami da bakina. Ya rage ƙarar rediyon, ya bar ni na gama.

"Na sani, Uwata."

Na ɗago na dube shi.

"Shekara talatin da biyar ina shiga rumbunan mutane. Tun daga bakin ƙofar siton na ji warin funfuna. Ranar farko na tambaye shi, ya yi kuka ya faɗa min. Ni na ce zan sa kuɗin."

Na ce to me ya sa, Baba. Na ce rufi fa, karatun Hamza fa, ranar da ciwo zai zo fa. Na ce ko da yaron nan ya yi gaskiya, kasuwa ba ta da alƙawari, in bana ma farashi ya faɗi ina za mu sa kanmu.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce yaron ya san saye da sayarwa, amma bai san ajiya ba, bai san yadda ake duba danshi ba, bai san zoɓon da aka tsinke da wuri ba. In da akwai mai ido a siton nan, da buhu ɗaya bai lalace ba. Ya ce Mannir ya sa masa tebur da kujera daga ciki, kusa da sikeli, duk buhun da zai shiga sai ya wuce ta hannunsa. Ya ce ranar da ya je, wani manomi daga wajen Gagarawa ya gane shi, ya kira shi Malamin Gona a gaban mutane, ya tambaye shi maganin tsutsa.

"Wata uku ke nan ba wanda ya tambaye ni komai," ya ce. "Ko ke, sai dai ki tambaye ni ko na ci abinci. Na gwada zaman nan, Uwata. In na ƙara wata shida a kan tabarmar nan, kuɗin asibitin da kika ware ba za su ishe ku ba."

Duk lissafin da na iya, babu inda aka koya min yadda ake sa wannan a layi.

Ya miƙo min wayarsa. Ni ke tura masa kuɗi kullum, don idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi, kuma ni kaɗai na san lambar sirrin. Ya ce in fara turawa yau, a kammala zuwa Litinin. Tunda nake ban taɓa ce wa Baba a'a ba. Na sa hannuwana biyu a bayana kamar ƙaramar yarinya.

"Ka yafe min Baba. Ba da hannuna ba."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya mayar da wayar aljihu, ya shiga ɗaki, ya fito da hula da katin shaidarsa, ya tura babur. Banki za shi kafin a tafi masallaci.

Yana fita na kira Mannir. Bai ɗauka ba, sai na rubuta: "Baba ya tafi banki. In kuɗin suka shigo, ka mayar masa yau. In ka riƙe su, ka turo a karɓi kuɗin gaisuwarku. Ba zan iya zama da kai ina kallon tsufan Baba a cikin sitonka ba."

Na zauna a bakin gado da wayar a cinyata. Aka yi kiran sallah, aka sauko daga masallaci. Baba ya dawo da rake da ƙosai a leda, ya ajiye takardar banki a kan talabijin inda kowa zai gani. Ƙarfe uku da minti goma saƙon Mannir ya shigo: "Sun shigo. Na sallami mutanen. Ki yi haƙuri, ba ni da wata hanya. Ki ba ni wata shida ki gani."

Na karanta sau uku. Ban yi kuka ba a lokacin. Na tashi na buɗe akwati, na fito da agogon da ya ba ni da turaruka biyu da ban fasa ba, na ɗaure su a leda na tura ƙarƙashin gado, da niyyar in na sami mai zuwa Maigatari in aika.

Sai dai da na zauna na yi tunani da kan malamar lissafi, na ga inda na tsaya. Babu takarda tsakanin Baba da Mannir. Babu shaida, sai Allah. Baba ya ce ba a rubuta yarjejeniya da ɗa. Abin da ya riƙe miliyan huɗun nan a wuri ɗaya shi ne Mannir surukin gidanmu ne. In na fasa, ya zama wani ɗan kasuwa kawai da ake bi bashi a Maigatari, Baba kuma ya zama dattijo na uku a kan benci. Kujerar kusa da sikeli ma ban san ko za ta kai wata ba. Umma da na gwada yi mata maganar, cewa ta yi kowane ɗan kasuwa yana faɗuwa ya tashi, kuma in na kori mutumin da ya rufa mana asiri a wannan shekarun nawa, in nemi wanda zan gaya wa ba ita ba. Ta riga ta ga gidan haya a bayan asibiti, ɗaki biyu da falo, an ce a kawo kuɗin shekara.

Ranar Talata da yamma Bappa Cindo, ƙanen Baba, ya zo daga Ɗanzomo. Suka daɗe a zaure, sannan aka aiko in zo. Na sa hijabi na durƙusa daga bakin ƙofa. Bappa ya ce iyayen Mannir sun aiko, suna so su zo ranar Juma'a a sa rana, kuma sun fi son a yi abin kafin kaka ta yi nisa. Ya ce shi a wajensa magana ta ƙare, amma Yaya ya ce sai an ji ta bakina.

Baba bai dube ni ba, carbi yake ja. Ya ce Mannir ya nuna masa saƙon da na tura ranar Juma'a.

"Kada ki dubi kuɗina, Uwata. Na bayar ne da sanina, in sun tafi ni na kai su. In ba kya so, yanzu Cindo zai koma ya ba su haƙuri, kuma ba wanda zai ce miki don me a gidan nan. Me za a ce musu?"

Na dube shi. Ya yi aski, an rage masa gemu, akwai jan zoɓo a bakin farcensa, don tun Asabar yake zuwa siton. Ya fi kyau da gani fiye da duk watannin nan. Ya ce kada in dubi kuɗinsa, kuma har zuciyarsa yake faɗa. Ni ce ba zan iya kau da kai ba.

"A ce su zo, Baba."

Bappa ya ce alhamdulillahi, ya fara sa albarka. Baba ya daɗe yana kallona, kamar yadda yake kallon buhu kafin ya soka masa hannu. Na tashi na koma ɗaki.

Ko hijabi ban cire ba wayata ta yi ƙara. Har labari ya kai Maigatari. Mannir ya rubuto: "Na gode, Mahbubata. Da ma na san ba za ki iya barina ba."

Na daɗe ina kallon rubutun. A da in ya ce Mahbubata har cikina nake ji. Na rubuta masa: "Ba kai na kasa bari ba."

Na tura. Alamar ya karanta ta fito nan take. Yau Alhamis nake rubuta muku wannan, a ɗakin malamai, yara suna hutun tara. Kwana biyu ke nan bai amsa ba, bai kira ba, Zinariya ma na kira ta sau biyu ba ta ɗauka ba. Umma tana gida ta jiƙa shinkafar waina, ta aika a sayo kaji huɗu, an wanke manyan kuloli an kife a rana. Gobe bayan sallar Juma'a ake sa ran baƙi, kuma duk gidan ni kaɗai ce ban san ko za su zo ba.